Motar Wasa Ma Tana Bukatar Wurin Tsayawa

A 1957, a baje kolin kayan wasa na garin Harrogate da ke Ingila, wani mai ƙere-ƙere, Fred Francis, ya fito da ƙananan motoci masu gudu da lantarki, ya sa musu suna Scalextric. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Titi ne mai tsaga a tsakiya, da sillen ƙarfe biyu a bakin tsagar ɗauke da wuta, ita kuma motar tana da ɗan fegi a ƙarƙashin hancinta da ke bin tsagar. Mai wasa yana riƙe da abin sarrafawa, wanda a yau yake da kunama irin ta bindiga: ka matsa ta zabura, ka saki ta lafa. A 1963 kamfanin Carrera ya fara nasa a garin Fürth na Jamus, kuma har gobe waɗannan sunaye biyu ne a bakin masu wannan wasa.

Abin da ya daɗe yana damuna da wasan shi ne bai san komai ba sai gudu. Tseren gaske kuwa ba haka yake ba. Wanda ya taɓa kallon tseren awa 24 na Le Mans a Faransa ya san cewa sau da yawa a gareji ake cin nasara ko a yi asara. A Formula 1 an hana shan mai a tsakiyar tsere tun 2010, amma canza taya kaɗai ya zama fage mai zaman kansa, har ma'aikatan ƙungiyar McLaren suka sauya tayoyi huɗu cikin daƙiƙa 1.80 a Qatar a 2023. Yaushe zan shiga? In jira zagaye ɗaya, ko in riga abokin karawata? Waɗannan tambayoyi su ne gishirin tsere, kuma motar da aka ɗaure a tsaga guda ba ta da bakin amsa su.

Shi ya sa nake murna da yadda masu wasan suka duƙufa wajen haɗa layin gareji da hannunsu, wato reshen titi da mota za ta ratse ta shiga, ta tsaya, sannan ta koma fage. Ba wai babu na saye ba ne. Tun wajen 2004 kamfanoni suka kawo tsarin dijital, inda ake sa wa kowace mota ɗan guntun kwakwalwar lantarki, motoci har shida su raba layi biyu, kowace ta canza layi in mai ita ya danna maɓalli. Carrera na sayar da layin gareji da ke lissafa man da mota ta sha. Kayan suna aiki, ban raina su ba. Amma an yanka su ne a kan tsawo guda da kwana guda, kuma ba su yi wa mai tsohon titi ko mai titin katako wani amfani ba.

Wanda ya zaɓi ya yi nasa, matsalarsa ta farko ita ce mararraba. A daidai inda tsaga ta rabu biyu dole a sa wani ɗan harshe mai motsi, wanda zai tura fegin motar dama ko hagu. Wasu kan fere shi daga roba mai tauri, wasu daga aluminiyam. Me zai motsa shi? Akwai masu aron injin da ke juya layin jirgin ƙasa na wasa, akwai masu sa ƙaramin injin servo su haɗa shi da allon lantarki na Arduino. In harshen ya ɗara tsayi da kaurin farce, mota ta yi tuntuɓe ta wuntsila. In ya makara da ƙiftawar ido, ta wuce abinta. Sai an fere, an gwada, an sake ferewa, wani lokaci dare uku a kan abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Sai maganar wuta, kuma nan ne na fi jin daɗin hikimar mutanen nan. A titin da ba na dijital ba, wutar da ke cikin sillen ita ce ke tuƙa mota, don haka dole reshen ya sha daga abin sarrafawar mai wannan layin, ba na maƙwabcinsa ba. Daga nan sai a yanke sillen a raba shi da babban titi, a jera 'yan dayod a kan wayar da ke ciyar da shi. Kowane ɗaya yana rage kusan kashi bakwai cikin goma na bolt guda, to in ka jera huɗu ko biyar, komai matsa kunamar da direba zai yi, motar ba za ta wuce wani gudu ba. Da kayan da ba su kai kuɗin kofin shayi ba an kwaikwayi dokar Formula 1 ta kilomita 80 a awa cikin layin gareji. Wanda ya yi wannan da hannunsa, da dalma da ƙarfen narka ta, ya fahimci lantarki fahimtar da karatun takarda ba ya bayarwa.

Akwai wata hanya da take yaɗuwa wadda ban yarda da ita ba. Manhajojin kula da tsere suna iya nuna maka tankin mai a fuskar waya ko kwamfuta, su ce ka tsaya a wani wuri a kan babban titi har lambar ta cika. An sami tsayawa, amma ba a sami gareji ba. Idon mai wasa ya bar mota ya koma kan gilashi, alhali abin da ya raba wannan wasa da na bidiyo shi ne motar gaske ce, mai nauyi, mai ƙara, mai ƙaurin inji in ta yi zafi. Manhaja ta riƙe lissafi, ba laifi. Amma a bar motar ta ratse da jikinta, a gan ta tana rarrafe a gefe sauran suna wuce ta fiu, mai ita yana cizon leɓe yana ƙirga abin da ya rasa.

Na san abin da za a ce: layin gareji na gida yana lalacewa, harshe ya maƙale ana tsakiyar tsere, rai ya ɓaci. Gaskiya ne. Sai dai wanda ya ƙera abu ya san inda zai taɓa, zai ɗaga allon ya share ƙura ya ɗaure waya cikin minti biyar. Na kanti in ya mutu, sai a jira wani ya iso a kwali. Duk wanda ya taɓa haɗa motar kara ko ta langa-langa yana yaro, ya kuma zauna a gindin bishiya yana gyara tayar da ta cire, ya san wanne daga cikin biyun nan ya fi zama nasa.