Jinjina ga Marubutan Baibul na Saint John

A 2005 gidan adana kayan fasaha na Minneapolis, a Amurka, ya baje kolin shafukan Baibul na Saint John, rubutun hannu tsantsa. Donald Jackson da abokan aikinsa a Wales, waɗanda suka rubuta shi, sun cancanci jinjina. Fatar maraƙi ce takardarsu, gashin dinya da na talo-talo alƙalumansu, ga zinariya da launukan da aka dama da gwaiduwar ƙwai. Tun 2000 suke duƙe, sai 2011 juzu'i bakwai suka kammala. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke gyara kuskure: in an tsallake layi, ba a yar da fatar. A ƙasan shafi ake rubuta shi, a zana ɗan tsuntsu yana jawo shi da igiya zuwa gurbinsa.