Kayan Aro: Yaudarar Kai a Mutum-mutumin Yinka Shonibare

Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda Yinka Shonibare ke fito da girman kai da yaudarar kai a ayyukansa. An haife shi a Landan a 1962, ya tashi a Legas. Mutum-mutuminsa sun shahara da abu biyu: ba su da kai, kuma suna sanye da ɗinkin Turawan dā, amma na atamfa.

Alal misali, a 2001 ya kwaikwayi wani zanen Fragonard, Bafaranshe, na wajen 1767. Ya yi mace a kan lilo, ta ci ado, ta wurga takalminta sama don ƙasaita. Rashin kan nata ishara ce ga yadda aka fille kawunan masu sarauta bayan juyin juya halin Faransa na 1789. Wato tana cikin annashuwa alhali ajali ya riga ya cim mata. A wani aikin na 2006 kuwa, mata biyu ne suka auna juna da bindiga, kowace na neman fasa kan da babu shi. Ke nan ana gaba a kan martabar da ta riga ta zube.

Sai dai babbar yaudarar tana wajen mai kallo. Duk wanda ya san kasuwar Birnin Gwari ko Kantin Kwari ta Kano, da ya ga atamfar zai ce tamu ce. Amma salon rininta daga Indonisiya aka ɗauko shi, masaƙun Holan da Mancesta suka kwaikwaya, suka kawo mana, kafin masaƙun Kaduna su shiga buga ta. Ashe kallon kitse muke wa rogo. Mai dariyar macen lilo, shi ma da kayan aro yake taƙama.

Inda aikin ya yi rauni shi ne, wanda bai san Fragonard ba rabin zancen kawai zai kama, don an fi gina shi domin 'yan kallon Turai. Duk da haka rabin da ya iso mana shi ya fi ciwo, domin ya tuna mana cewa kayan aro ba ya rufe katara.