Zambo da Habaici a Zamanin Waya: Wa Muke Nufi da "Su"?

Duk mai bibiyar abin da ake rubutawa da rerawa da Hausa a Facebook da TikTok tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ya san an samu sabon reshen adabi: waƙoƙin kukan tsadar rayuwa, gajerun wasannin barkwanci, da dogayen rubuce-rubucen da ke yawo a zaurukan WhatsApp. Akwai fasaha a ciki, akwai kuma gaskiya, domin yunwar da ake faɗa ba ƙage ba ce. Sai dai wata 'yar kalma guda na yawan ɓata aikin, wato "su". Su suka hana mu wuta, su suka ƙara kuɗin mai, su ne ba sa ƙaunar Arewa. Marubuci ba ya faɗar ko su wa, sai mai karatu ya cike gurbin da wanda ya ga dama.

Wannan salo gado ne. Makaɗan fada sun bar mana makamai biyu na suka. Zambo yana kama abokin hamayyar ubangida ta siffar jikinsa ko ta asalinsa, a ce ba shi da tushe, a yi dariya. Habaici kuwa ba ya kama suna, jifa ne a kasuwa, mai shi ya san kansa. Duka biyun sun yi aiki a fada, inda kowa ya san yariman da ake nufi. Da aka ɗauko su aka saka a waya mai isa ga dubban mutanen da ba su san juna ba, sai zambo ya bar mutum ɗaya ya hau kan ƙabila, habaici kuma ya rasa mai shi, ya faɗa kan maƙwabci.

A Kwaciri wannan ba zancen nazari ba ne kawai. Mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Fagge, tare da mazaɓun Sabon Gari, inda Bahaushe da Ibo da Bayarabe ke cin kasuwa ɗaya, suna biyan KEDCO ɗaya. A nan "su" yana da shago, yana da lambar gida. Kano ta ɗanɗana hakan a Oktoban 2001, lokacin da aka fito zanga-zangar adawa da harin Amurka a Afganistan. Ƙorafin na kan wata gwamnati ce da ke can nesa, amma da abin ya rikice, rayuka da dukiyoyin da aka rasa na mazauna Kano ne, waɗanda babu mai hannu cikinsu a harin. A Janairun 2012 kuwa, da gwamnatin Jonathan ta ɗaga litar mai daga naira 65 zuwa kusan 141, Musulmi da Kirista suka taru a dandalin Silver Jubilee, har Kiristoci suka tsaya gadin Musulmi suna salla. Gari ɗaya ne, fushin ma duk fushi ne. Abin da ya bambanta shi ne na 2012 ya san sunan abin da yake faɗa da shi: farashi, da ofishin da ya sa masa hannu. Kafin watan ya ƙare gwamnati ta sauko zuwa naira 97.

A duba yadda adabin waya ya ɗauki ɗaukewar wutar Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda a duhu. Masu walda da masu niƙa da masu ƙanƙara sun zauna ba aiki, mai cajin waya da janareta ya zama sarki. Bayanin kamfanin TCN shi ne an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir da aka dogara da shi ya samu matsala. Akwai suka mai zafi a nan ga mai so: me ya sa jihohi da yawa suka rataya a kan layi biyu kacal, me ya sa aka bar na Shiroro ba gyara har na biyun ya faɗi, nawa aka ware wa gyara, ina kuɗin suka shiga? Haka ma ƙarin da hukumar NERC ta yi a Afrilun 2024, zuwa naira 225 kan kowane yunit ga 'yan rukunin A, bisa alƙawarin wutar awa 20 a rana. Wanda ya ƙirga awannin da ya samu ya wallafa su ya kama hukuma da hujja. Amma rubutun da ya fi yawo shi ne mai cewa tunda shugaban ƙasa da ministan wuta Yarabawa ne, ai dama haka za su yi mana. Wannan rubutu ba ya neman amsa daga kowa, minista zai yi barcinsa lafiya, sai dai Bayaraben da ke gyaran janareta a Sabon Gari ya kwana da ido ɗaya, alhali shi ma a duhun ya kwana.

Masu mulki na da nasu wayon ta ɗaya gefen, suna lissafa sukar ofis cikin ɓatanci da cin amanar ƙasa. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa 'yan TikTok biyu bulala 20 kowanne saboda barkwancin da suka yi kan Gwamna Ganduje. Bayan zanga-zangar Agustan 2024 an gurfanar da yara ƙanana, da yawansu daga Kano, a babbar kotun tarayya da ke Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, har wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sai da ƙasa ta ɗauka aka sake su. Waɗanda suka fasa cibiyar fasaha ta NCC a Kano ranar 1 ga Agusta ɓarna suka yi, kuma sun miƙa wa hukuma uzurin da take nema na yi wa kowa kuɗin goro. Marubucin da ya gauraya suka da ƙiyayya shi ma uzurin yake miƙawa.

Batun bayanan sirri a nan ya shigo. Tun Disamban 2020 aka tilasta haɗa layin waya da lambar NIN, wadda ke ɗauke da hoton mutum da zanen yatsunsa da adireshinsa da garin asalinsa. Lambar waya ke buɗe WhatsApp, don haka tsakanin rubutu da ƙofar gidan marubuci taki kaɗan ne. An sa hannu kan dokar kare bayanai a Yunin 2023, amma a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100. Rumbun da zai nuna wa jami'i gidan mai suka, shi ne zai nuna wa mai tayar da fitina wane ne baƙo a layi. Ga kuma manhajojin kansu: an gina su ne su ɗaga abin da aka fi taɓawa da turawa, zagin ƙabila kuwa ya fi lissafin yunit jan yatsa. Yawan masu kallo ba shaidar ingancin rubutu ba ne.

Muna da wani gadon ban da na fada. Cikin waɗanda suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 akwai mawaƙi Mudi Sipikin, akwai Bello Ijumu, Bayarabe daga ƙasar Kabba. Sukarsu ta tsaya kan haraji da aikin tilas da zaluncin En'e, abubuwan da kowane talaka zai gane ko da wane harshe ya tashi.

Ma'aunin da za a ɗora kowace waƙa ko rubutu a kai mai sauƙi ne. A cire "su", a sa sunan ofis da kwanan wata da adadi. In rubutun ya ƙara ƙarfi, suka ce, kuma ta cancanci a kare mai ita ko a gaban alƙali. In ya rushe, sai an maido da ƙabila ko addini zai tsaya, to tun farko ba da gwamnati yake ba.