Saƙar Kwarashi Ba Yankan Zare: Yabon Gwani Ya Zama Dole

Jama'a, ku ba ni wuri in yi yabo, domin abin da masu saƙar kwarashi ke fitarwa a Suleja yanzu ya wuce a yi shiru a kansa. Ina nufin bargunan jarirai da rigunan filo da jakunkunan hannu da ake harhaɗawa daga 'yan murabba'ai masu launi-launi, waɗanda Turawa ke danganta wa kakanni. Launukan kaɗai sun isa su tsayar da mai wucewa, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Juya bargon ki dubi bayansa. Babu ƙulli, babu jelar zare tana reto, baya da gaba kusan ɗaya. Tubarkalla masha Allah!

Duk wadda ta taɓa riƙe kwarashi ta san ciwon tsohuwar hanya. Kina gama zagaye da jan zare sai ki sa almakashi, ki ƙulla fari, ki gama, ki sake yankewa. Kowane launi yana barin baki biyu. Murabba'i ɗaya mai launi huɗu ya bar miki bakin zare 8 ke nan, bargo mai murabba'i 100 kuwa ya tara miki 800, kowanne sai kin bi shi da allura kin cusa. Shi ya sa saƙa da yawa ke ƙarewa a cikin leda a ƙarƙashin gado, an gama mai daɗin an bar mai gajiyarwa. Wanda aka daure aka kammala ma, wanki biyu uku sai ƙulli ya fara kwancewa, rami ya buɗe.

Sai ga wannan dabara ta tafiya da zare, wallahi ta ciri tuta. Ginin murabba'in bai canja ba: sarƙa huɗu a haɗe ta zama zobe, sai dogayen saƙa uku-uku a rami guda, a kowace kusurwa a yi tari biyu da 'yar sarƙa a tsakani. Zagayen farko tari 4, na biyu 8, na uku 12, na huɗu 16. Inda gwanintar take shi ne wurin sauya launi. Mai saƙa ba ta ƙarasa saƙar ƙarshe da tsohon zare, sai ta bar ja na ƙarshe ta yi shi da sabon launi, don haka layin ya fito tas ba ɗigon wani launi a cikin wani. Tsohon zaren kuma ba a yanke shi. Ko dai a kwantar da shi a kan saƙar ƙasa a riƙa saƙawa a kansa yana tafiya a ɓoye, ko a ja shi ta baya zuwa zagaye na gaba a daidai mahaɗa. Da an bukace shi sai a ɗago shi, ɗan uwansa ya koma ciki. Tamkar ɗinkin faifai ne, inda ciyawar ciki ke ɓoye, kaba mai rini ke nannaɗe ta tana fitar da ado.

Kai, sakamakon sai wanda ya gani! Da wannan hanya ana raba murabba'i ɗaya gida biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, rabi shuɗi rabi ruwan ƙwai, idan aka jera su sai taurari da dara-dara su bayyana a bargo. Ana sa kowane tari da launinsa a zagaye guda, abin da da almakashi zai haukata mutum. Saƙar tana yin kauri da nauyi saboda zaren da ke ciki, ga ɗumi lokacin hunturu, ga ƙarko. Jakar da aka yi haka ba ta saki. Zare ma ba ya salwanta a guntaye, kuma duk mai sayen ulu a Kasuwar IBB ta san wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Kada a ce so ya rufe mini ido, dabarar tana da sharuɗɗanta. Idan aka ja zaren ɓoye da ƙarfi, murabba'in zai tattare ya ƙi kwanciya. Idan aka sake shi da yawa, zai leƙo. Baƙin zare a cikin fari yakan nuna kansa. A wurin sarƙar kusurwa babu abin da zai rufe shi, dole a sarƙafe shi da hannu mai natsuwa. Launi biyu ko uku ne daidai, fiye da haka dunƙulen zare za su harɗe. Amma wannan duk koyo ne, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Abin ba na yau ba ne a duniya. An buga tsarin wannan murabba'i a wata jaridar manoma ta Amurka tun 1885, ya yi tashe sosai a shekarun 1970, yanzu kuma ya dawo da ƙarfinsa. Ɓoye zare a cikin saƙa shi ne sirrin jakunkunan matan ƙabilar Wayuu na ƙasar Kolombiya, waɗanda ake rububinsu a kasuwannin duniya. Kuma har gobe kwarashi aikin hannu ne, masana'antu ba su da injin da ke yin irinsa. Duk murabba'in da kika gani, yatsun wani ne suka ƙirga shi.

Ai Suleja ba baƙuwar aikin hannu ba ce. A nan ne, tun garin yana amsa sunan Abuja, Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali ta shiga a 1954, mace ta farko, ga hotonta nan a bayan takardar naira 20. Garin da ya ga yumɓu ya kai mace Landan bai kamata ya raina zare da kwarashi ba, balle ga kasuwar babban birnin tarayya a bakin ƙofa.

Hukuncina dai ba kwana-kwana: a duk hanyoyin saƙa murabba'i mai launuka, ban ga wadda ta kama ƙafar wannan ba. 'Yan uwana masu saƙa, ku ajiye almakashi ku gwada da launi biyu, ku koya wa 'ya'yanku da ƙannenku. Ku kuma masu neman kayan barka da na jere, ku juya bargo ku duba bayansa kafin ku taya, idan kun same shi tsaf ku biya mai shi haƙƙin guminta ba tare da ja-in-ja ba. Allah Ya ƙara basira, Ya sa albarka a wannan sana'a.