Miligiram 400 zuwa 600 na filabanol: mu yi hattara da wannan lamba

A 2022 wani kwamitin masana da ƙungiyar Academy of Nutrition and Dietetics ta Amurka ta kafa ya ba da shawarar mutum ya riƙa samun miligiram 400 zuwa 600 na sinadarin filabanol a kullum, domin lafiyar zuciya da jijiyoyin jini. Sinadari ne da ake samu a ganyen shayi, da koko, da tuffa, da inabi. Kwamitin ya yi aiki, don ya duba gwaje-gwaje sama da 150. Amma ni dai lambar tana damuna, kuma ga dalilina.

Da ka ga lamba irin wannan, sai ka ɗauka daidai take da ta bitamin C. To akwai bambanci. In ka daina samun bitamin C na 'yan watanni, dasashinka zai fara zubar da jini, kuma da ka koma samunsa sai ka warke. Wato akwai cuta takamaimiya da za a yi awo da ita. Filabanol kuwa babu cutar rashinsa. Abin da ake gani shi ne ɗan saukin hawan jini da makamantansa.

Duba gwajin COSMOS, wanda shi ma aka fitar da sakamakonsa a 2022. Mutum sama da 21,000 ne suka shiga, aka ba rabinsu miligiram 500 na filabanol ɗin koko a kullum. Babban abin da aka shirya aunawa, wato jimillar matsalolin zuciya, bai ragu yadda za a kafa hujja da shi ba. Mace-mace daga ciwon zuciya sun ragu da kashi 27 cikin 100, amma wannan sakamako ne na gefe. Alama ce mai kyau, sai dai ba ta isa hukunci ba.

Sannan ta yaya za ka ƙirga? Adadin da ke cikin kofin shayi ya danganta da irin ganyen da kuma daɗewarsa a ruwan zafi. Shayinmu da ake dafawa a buta kan gawayi kuwa, sukarin da ake zuba masa kaɗai ya isa ya rikita lissafin.

Babban tsorona shi ne kwalba. Kwamitin ya ce daga abinci za a samu, amma mai talla lambar kawai zai ɗauka. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta nuna cewa shan miligiram 800 ko fiye na EGCG, wani nau'in filabanol na koren shayi, a ƙwayoyin ƙarin abinci yana da alaƙa da alamun lahani a hanta.

Don haka ka sha shayinka, ka rage sukari, ka ci 'ya'yan itatuwa. Wanda ya ce maka jikinka na fama da “ƙarancin filabanol”, tambaye shi da wane gwaji ya gano haka.