Tsirkiya da Ƙarfe: Sharhi kan Fedar Sintetiza a Ƙafar Makaɗin Bas

A kowace ƙungiyar makaɗan zamani akwai mutum guda da ƴan kallo ba su cika kula da shi ba, sai ranar da ya yi shiru. Wannan shi ne makaɗin gitar bas, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wanda sautinsa ke bi ta ƙirji kafin ya isa kunne. Tun 1951 da Leo Fender ya fito da Precision Bass a Amurka, aikinsa bai wuce riƙe gindin kiɗa ba: ya ɗaure ganga da waƙa wuri guda domin mai rawa ya san inda zai sa ƙafa. Amma yau fiye da shekara hamsin ke nan wani ƙaramin akwatin ƙarfe ya zauna a gaban ƙafarsa. Ana kiransa feda, don taka shi ake yi kamar fedar keke. Da zarar an taka, sai muryar tsirkiya ta juye ta koma irin ta sintetiza, wato na'urar da ke ƙera sauti daga wutar lantarki. Tambayar da wannan sharhi zai bi ita ce: shin fedar nan ƙara wa makaɗi murya take yi, ko kuwa karɓe masa tasa take yi ta ba shi ta aro?

Asalin al'amarin

Kafin a yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san inda gizo ya fara saƙa. A 1970 kamfanin Robert Moog ya fito da Minimoog, ƙaramar sintetiza mai maɓallai irin na fiyano, wadda mutum guda zai iya saɓawa ya kai ɗakin ɗaukar kiɗa. Ba a daɗe ba aka gane cewa ta fi gwaninta wajen sauti mai kauri. A 1973 Herbie Hancock ya buɗe kiɗansa mai suna «Chameleon» da layin bas wanda ya buga a kan sintetizar ARP Odyssey, alhali makaɗin bas ɗinsa, Paul Jackson, yana cikin ƙungiyar. A 1977 kuma ƙungiyar Parliament ta ɗauki «Flash Light», inda Bernie Worrell ya buga layin bas da Minimoog, shi kuwa Bootsy Collins, wanda ake lissafawa cikin manyan makaɗan bas na zamaninsa, ya koma kan ganguna. Waƙar ta hau kan gaba a jerin waƙoƙin baƙar fatar Amurka a 1978.

Daga nan makaɗan bas suka fahimci cewa tuwonsu ne ake yi wa barazana. Mai fiyano zai iya yin aikinsu da hannun hagu, kuma mai shirya faifai ba zai biya mutum biyu ba in ɗaya ya wadatar. Saboda haka fedar sintetiza tana da uwa biyu: sha'awar sabon sauti da tsoron rasa abinci. Duk wanda ya saurari abin da aka yi da ita da kunnen basira zai ji wace uwa ce ta fi shayar da kowane kiɗa.

Yadda take aiki

Fedojin nan kashi uku ne, kuma bambancinsu shi ne tushen hukuncin da za a yanke. Kashi na farko rariya ce ta sauti. Misalinta shi ne Mu-Tron III, wadda Mike Beigel ya ƙera, aka fara sayarwa a 1972. Tana auna ƙarfin bugun yatsa: in an fizgi tsirkiya da ƙarfi sai rariyar ta buɗe, sauti mai kaifi ya wuce, in an taɓa a hankali sai ta tsuke. Abin da kunne ke ji ya yi kama da bakin mutum da ke tashi daga «u» zuwa «a».

Kashi na biyu yana raba girgizar tsirkiya gida biyu, ya haifi wata murya a ƙarƙashin ta asali, mai kaurin ninki ɗaya. Boss OC-2 ta 1982 ita ce sananniya a nan. Idan aka haɗa wannan da rariya da kuma abin da ke sa sauti ya yi ƙiƙi-ƙiƙi, kamar yadda kamfanin Electro-Harmonix ya yi a cikin Bass Micro Synthesizer, sai a sami wani abu mai kama da Minimoog, amma duk daga jikin tsirkiyar aka tatso shi.

Kashi na uku kuwa sauraren makaɗi yake yi, ya gane muryar da ya buga, sannan ya umurci nasa injin ya fitar da ita. Deep Impact ta kamfanin Akai, da SYB-5 ta Boss, da C4 ta Source Audio da ta fito a 2019, duk a nan suke. A nan ne kuma lissafi ya shigo da gardama. Tsirkiya mafi kauri ta bas tana girgiza kusan sau 41 a sakan, wato kowace girgiza tana cin kimanin milisakan 24. Na'urar da ke jiran girgiza biyu kafin ta tabbatar da murya ta makara da kusan milisakan 49. In kiɗa yana tafiya bugu 120 a minti, makaɗi kuma yana raba kowane bugu gida huɗu, to kowane kaso milisakan 125 ne kawai. Ke nan jinkirin ya cinye fiye da sulusin kaso. Ga mai gitar solo wannan aibi ne ƙarami, domin tsirkiyarsa mafi kauri tana girgiza sau 82 a sakan, kuma ba shi ne ke riƙe da lokaci ba. Ga mai bas kuwa, wanda duk martabarsa ita ce faɗuwa daidai kan ganga, babban rauni ne. Sababbin fedoji sun rage wannan jinkiri ƙwarai, amma har yanzu sukan buƙaci makaɗi ya tsabtace bugunsa, ya kashe kowace tsirkiyar da ba ya so ta yi motsi.

Makaɗa huɗu a ma'auni

Bootsy Collins ya yi aiki da James Brown a 1970 da 1971, inda ya koyi dokar danna bugun farko na kowane zagaye. Da ya kafa tasa ƙungiya, sai ya mai da Mu-Tron kamar wata gaɓa ta jikinsa. A «I'd Rather Be with You» ta 1976, kiɗa ne mai tafiyar hawainiya, kuma bas ɗin yana buɗe baki yana rufewa kamar mai lallashi. Abin da ya sa wannan aiki ya tsaya da ƙafarsa shi ne ba bugu biyu da suka fito iri ɗaya. Rariyar tana bin yatsa, yatsa kuma tana bin numfashin mawaƙi. Mai karatu da ya san kalangu zai gane wannan dangantaka: makaɗi ya matsa da hammata, fata ta amsa nan take, babu wani ɗan aike tsakaninsu. A ganina wannan shi ne mafi ingancin abin da aka yi da feda a kan bas.

Pino Palladino, ɗan yankin Wales na Birtaniya, ya bi wata hanya. A «I'm Gonna Tear Your Playhouse Down» ta Paul Young, ta 1984, ya haɗa OC-2 da bas marar ƙarafan wuya, irin wanda yatsa ke zamewa a kai ba tare da matakala ba. Ya san aibin fedar: in aka raba girgiza 41 gida biyu an sauka kusan 20, inda kunnen ɗan Adam ke fara gazawa, ita ma na'urar sai ta ruɗe. Hanyar da masu OC-2 ke bi ita ce su hau saman wuyan gitar su bar feda ta cike ƙasa. Sakamakon a wannan waƙa shi ne sauti mai kaurin inji amma mai santsin muryar mutum, wanda maɓallin fiyano ba ya bayarwa cikin sauƙi. A wata shekara da sintetiza ta mamaye waƙoƙin Ingila, wannan amsa ce ta gwani.

Chris Wolstenholme na ƙungiyar Muse, ita ma ta Ingila, yana cikin waɗanda suka sa Deep Impact ta yi suna. Ƙungiyarsu mutum uku ce, don haka dole bas ya cike wurin da gitar ta biyu za ta tsaya. A «Hysteria» ta 2003 layin bas ɗin yana gudu ba hutawa, cikin murya mai ƙiƙi-ƙiƙi wadda ta fi kama da inji. Ba mai musun ƙarfinsa, kuma juriyar yatsun abar yabo ce. Sai dai a nan ne ake fara ganin farashin. An daidaita kowane bugu da ɗan'uwansa har babu mai ƙarfi babu mai rauni. Makaɗi ya horar da hannunsa ya yi abin da inji ke yi da kansa, kuma ya yi nasara. Amma mai sauraro ba ya jin inda makaɗin ya yi jinkiri da gangan ko ya sassauta. Masu kwaikwayonsa, waɗanda ba su da ƙarfin hannunsa, abin da suka gada shi ne ƙarar kawai.

Na huɗu shi ne Stephen Bruner, wanda aka fi sani da Thundercat. A «Them Changes» ta 2015, wadda ta sake fitowa cikin kundinsa Drunk a 2017, yana buga bas mai tsirkiya shida ta cikin rariya, a kan ganguna da aka ɗebo daga wata waƙar Isley Brothers ta 1977. Ya koma gidan Bootsy, amma ya zo da ilimin jaz. Waƙar ta karyewar zuciya ce, sautin bas ɗin kuwa yana da wani ban dariya, kamar mai tauna magana. Wannan saɓani tsakanin baƙin ciki da raha shi ne ma'anar waƙar, kuma ba don feda ba da bai samu ba.

Hujjar masu goyon baya

Akwai wata hujja da ba za a tsallake ba. Mafi yawan jama'a yau ta wayar hannu suke sauraren kiɗa, kuma ɗan lasifikar waya ba ta iya fitar da girgiza 41. To yaya ake jin bas a cikinta? Kowace murya tana tafe da ƴan rakiya, wato ninke-ninkenta: 82, 123, 164, har sama. In ƴan rakiyan nan sun fito sosai, ƙwaƙwalwa kan cike gurbin uwar da kanta. Fedar sintetiza tana ƙara yawansu da ƙarfinsu, saboda haka bas da ya bi ta cikinta yakan tsira a waya, inda bas tsura zai ɓace. Wannan amfani ne na gaskiya, kuma mai shirya faifai da ya ƙyale shi ya cuci makaɗinsa.

Abin da ya shafe mu

Wannan gardama ba ta tsaya a Amurka da Ingila ba. A waƙoƙin finafinan Hausa da suka bunƙasa a Kano tun ƙarshen shekarun 1990, waɗanda suka cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram, fiyanon Yamaha ne ke fitar da ganga da sarewa da bas gaba ɗaya. Abin da makaɗan Amurka suka ji tsoro a 1977, a wannan fage ya riga ya tabbata. Laifin ba na inji ba ne: Mamman Sani ya nuna tun 1978 a Yamai cewa na'urar lantarki za ta iya magana da harshen ƙasar nan in hannun da ke kanta ya san abin da yake son faɗa. Amma matashin da ya ɗauki bas yau yana iya zaton mafitarsa ita ce ya sayi feda ya yi gogayya da fiyano a filin fiyano. A can kuwa ba zai ci ba, domin fiyano ya fi shi arha, ba ya makara, ba ya gajiya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, ga malaman kiɗa da shugabannin ƙungiyoyin al'adu da ke tara ɗan kuɗi don sayen kaya, ga abin da waɗannan misalai huɗu suke koyarwa. A fara da hannu: almajiri ya iya fitar da murya mai ƙarfi da mai taushi da yatsa zalla, ya iya kashe tsirkiya, ya iya zama kan ganga minti goma bai goce ba. In an zo sayen feda, rariya mai bin ƙarfin yatsa ta fi dacewa da mai koyo, domin tana fallasa rashin daidaiton hannu, ba ta ɓoye shi. Mai raba murya ta biyo baya. Mai fitar da sautinta da kanta a bar ta sai ƙarshe, kuma in an taka ta a bar wani kaso na muryar tsirkiya ta asali yana fita tare da ita, don kada gindin kiɗa ya zube in na'ura ta ruɗe.

Ma'aunin da nake ba mai karatu guda ne, kuma kowa zai iya gwada shi. A sa makaɗa biyu su buga layi ɗaya ta cikin feda ɗaya, mai sauraro ya juya musu baya. In ya iya bambanta wane da wane, fedar ta yi aikin kayan kiɗa. In kuwa bai iya ba, to ƙungiyar ta kashe kuɗinta wajen sayen fiyano mai tsada wanda ake ratayawa a wuya.