Ɗalibi a Matsayin Alƙibla: Sharhi kan Tarbiyyar Diwi daga Makarantun Mishan zuwa Gonakin Bunkure

Tun daga 1977, lokacin da gwamnatin Nijeriya ta fitar da manufar ilimi ta ƙasa, kwalejojin horar da malamai ke nanata cewa ɗalibi ne cibiyar da koyarwa za ta kewaya, har maganar ta zama abin da ba a tambayar dalilinsa. Alhali tana da asali, kuma asalin nata magana ce ta aƙida. Ruso ya gina littafinsa na tarbiyya na 1762 a kan cewa ɗan Adam nagari ne a halittarsa, al'umma ce ke lalata shi. Jon Diwi na Amurka, a littafinsa na 1916 kan dimokuraɗiyya da ilimi, ya ƙara da cewa yaro na koyo ne ta hanyar aiki da gwaji, kuma ilimi ba shi da wata gaya a wajen bunƙasar da yake haifarwa.

Kiristoci sun riga mu cin karo da wannan ra'ayi, kuma akwai abin lura a yadda suka yi da shi. Aƙidarsu ta zunubin gado tana cewa ana haihuwar yaro da tabon saɓon Annabi Adamu (AS), don haka ba za a sakar masa linzami ba. A kan wannan ne Fafaroma Piyus na 11 ya yi tir da tarbiyyar da ke dogara ga ɗabi'a kaɗai, a wasiƙarsa ta 1929. Amma Mariya Montesori, wadda ta buɗe gidan yaranta a Rum a 1907, 'yar Katolika ce, kuma Furobel, wanda ya ƙirƙiro makarantar renon yara a Jamus, ɗan fasto ne. Abin da makarantun coci suka yi a ƙarshe shi ne raba hanya da gaya: suka ɗauki wasa da aikin hannu da tausasa wa yaro, suka bar wa Diwi falsafarsa. Ba su zalunce shi ba, domin yana cikin waɗanda suka sa hannu a 1933 kan sanarwar da ta kore bukatar wahayi.

A ƙasar Hausa ra'ayin ya shigo da wata riga. Hans Bisha, wato Ɗan Hausa, ya fara zuwa ne a matsayin ɗan mishan kafin ya koma aikin gwamnati, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, inda ake karatu da Hausa tare da koyon sana'o'i. Daga baya shi ne sakataren kwamitin Landan da ya fitar da takardar 1925 mai cewa a daidaita ilimi da yanayin rayuwar 'yan Afirka. A baki maganar tana da daɗi. A aikace kuwa tana iya mayar da muhallin yaro ya zama shingensa, ɗan manomi ya tsaya a kan fartanya da sunan an girmama al'adarsa.

Haɗarin da ke gabanmu ya fi na Kirista, domin ba mu da zunubin gado da zai taka mana burki. Wasu marubutanmu suna ganin hadisin fiɗira sai su ɗauka Ruso ya musulunta. Wannan gaggawa ce. Hadisin da ya tabbatar da fiɗira shi ne kuma ya jingina karkatar yaro ga iyayensa, wato ya ɗora nauyi a kan mai tarbiyya. Fiɗira shiri ne na karɓar gaskiya, ba ita ce ke ƙera gaskiyar ba. Game da hanya kuwa ba ma bukatar aro. Ibnu Sahnun na Ƙairawan ya ƙayyade dukan yaro tun ƙarni na uku na Hijira, Ibnu Khaldun ya ware fasali a Muƙaddima kan yadda tsanani ke koya wa ɗalibi ƙarya da kasala, kuma a tsangaya kowane yaro na tafiya da allonsa gwargwadon ƙarfinsa. Abin kunya ne a ce sai baƙo ya tuna wa malamin da ke riƙe da dorina abin da ke cikin littattafan mazhabarsa.

A gwada batun a Bunkure da Kura, inda ruwan dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, ke bin magudanai zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir. Yaron wannan yanki ya san ban ruwa, ya san korar tsuntsu, ya san lissafin kwando kafin ya iya rubuta sunansa. Diwi zai ce daga nan za a fara, kuma ya yi gaskiya. Malamin fiƙihun da ya koyar da babin zakka a nan ba tare da ambaton magudanar da ke bayan ajinsa ba ya yi asarar darasi. Sai dai in uba ya janye yaro daga aji lokacin tsinkar tumatir, kada wani ya kira wannan koyo ta hanyar aiki, aikatau ne kawai.

Kuma ko da an fara daga gona, akwai inda gwaji ke tsayawa. Yaro zai gane da idonsa cewa gonar da ruwa ke gangarowa da kansa ta fi wadda ake jan ruwa da injin sauƙin wahala. Amma cewa ta farko ushiri ake fitarwa, ta biyu rabin ushiri, cewa nisabi wusuƙi biyar ne, wato sa'i 300, wannan daga nassi yake zuwa. Haka nan ba zai taɓa ganowa a cikin kunya cewa Malikiyya ba sa wajabta zakka a kan tumatir ɗin kansa ba, alhali Imamu Abu Hanifa yana wajabta ta a kan kayan lambu, sai wanda ya karanta ya zaunar da shi ya faɗa masa.